Kunun Alkama da Ɓawon Lemo

Shekara tara ke nan ina dama kunun zaƙi na sayarwa a Tudun Wadan Zariya. Da bokiti ɗaya na fara. Yanzu alhamdulillahi ina da 'yan mata huɗu masu taya ni aiki, da firiza biyu, da mai adaidaita sahu da ke kai mini robobi shagunan Kongo da Sabon Gari har Samaru. Gero da dawa na gada wurin kakata. Alkama kuwa bara ta shigo sana'ar, da ƙanen maigidana ya kawo mana buhu guda daga Kadawa bayan girbin rani. Mun yi alkaki, mun yi funkaso, buhu ya ƙi ƙarewa, sai na ce bari in gwada ta a kunu.

Wanda bai san aikin ba yana zaton sukari ne zaƙin kunu. Asalin zaƙin daga tsiro yake. Za ki jiƙa hatsi ya kwana, ki tsame, ki baza a kan buhu ki rufe, kina yayyafa ruwa safe da yamma har kwana uku ko huɗu, sai ki ga ya fitar da farar saiwa. Ki shanya ya bushe ƙayau, ki niƙa. Idan kin dama gasara ta yi kauri kamar koko, garin tsiron nan ne zai tsinka ta ya mai da sitacinta sukari. Amma yana da sharaɗi: kika zuba shi kunu na tafarfasa, kin kashe shi. Kakata da yatsa take gwadawa. Ni na sayi ma'aunin zafi, ina jira zafin ya sauko wajen digiri 65 kafin in zuba.

Alkama ta ba ni wuya a wurin tata. Danƙo gare ta, ga yauƙi, nan da nan take toshe idon rariya, 'yan matan nan har sun fara ƙorafin ciwon hannu. Sai da na raba ta da gero rabi da rabi sannan ta yarda ta wuce. Amma abin da ya fita ya biya wahalar, don kunun ya yi santsi a harshe irin wanda gero shi kaɗai ba ya yi, ga fari mai ɗan duhu kamar nono da aka sirka.

Daga nan na shiga neman ɗan itacen da zai zauna da ita. Mangwaro ya danne komai, ba ki jin hatsin sam. Kankana ta mai da shi salam. Abarba ce ta fi, in dai an tafasa ruwanta tukun. Ɗanɗanon nan da sassafe nake yinsa kafin in karya, kofi uku a jere, ina kurkure baki a tsakani. Na fara duba launi, in shinshina, in kurɓa kaɗan in riƙe a baki, sannan in jira abin da zai saura a maƙogwaro. Nan ne kunu ke tona asirin kansa.

Cikin watan Afrilu, zafi na tsakiyarsa, aka ɗauke mana wuta kwana biyu, janareta kuma ya zaɓi ranar ya lalace. Washegari na buɗe firiza na ga robobi sun kumbura sun yi tauri. Ina murɗa murfin guda ya yi tsaki, kumfa ta biyo hannuna. Ana haka sai ga wani dattijo ɗan Wusasa da ke sayen kununa duk Juma'a, tsohon malami ne a jami'a a Samaru, Kirista ne, ya yi karatu a Turai. Ya karɓi robar ya kai hanci, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wannan ai ya bar gidan kunu, ya kama hanyar wani gida." Na ce, "Baba, a'uzu billahi, wane gida?"

Ya zauna a benci ya ba ni labari. Ya ce a Beljiyam ya taɓa ɗanɗana giyar alkama ta wani ƙaramin gidan giya na ƙauye. A kofi dusu-dusu take don ba a tace ta sosai, da farar kumfa a kai, ƙamshin lemo ne ke fara dukan hanci, sai ɗan tsami-tsami, ɗacinta kaɗan. Busasshen ɓawon lemo suke jefawa a tukunya tare da wata ƙwayar kayan ƙamshi da ake kira koriyanda. Irin wannan giya ta taɓa ɓacewa a garin Hoegaarden, sai wani mai sayar da madara, Pierre Celis, ya farfaɗo da ita a 1966. Ta Jamusawan Bavariya kuwa, aƙalla rabin tsironta na alkama ne, tana ƙamshin ayaba da kanumfari alhali ba a sa ko ɗaya ba, yis ɗinsu ne ke haifar da shi. Na ce mu dai kanumfarinmu a kasuwar Sabon Gari muke saye.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ce matakin farko duk ɗaya ne: jiƙo, tsiro, dama, tata. Mai burukutu ma haka take yi da dawarta. Inda muka rabu, su suna barin yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa da iska, ni kuma aikina in tare shi kafin ya fara. Yis ɗin ba sai an zuba ba, yana jikin hatsi da ɓawon abarba da bokitin da ba a wanke da kyau ba. Ya ƙara mini da cewa tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 manyan kamfanonin giya da na lemon malt suka koma kan dawarmu. Ashe da su nake takarar farar dawa a kasuwa ban sani ba.

Robobi ɗari da ashirin na tuttular a kwata ranar. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce a ƙara sukari da ƙanƙara a sayar, ba mai ganewa. Na ce abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma ɗaliban da ke saye sun amince da ni ne.

Tun daga ranar na sauya tsari. Bayan tata ina mayar da kunun wuta ya yi zafi sosai ba tare da ya tafasa ba, in ɗura a sababbin robobi, in tsoma su cikin ruwan ƙanƙara nan take. Kowace roba da kwanan wata a jikinta. Mai shagon da firijinsa ya kwana babu wuta ya dawo mini da kayana, asarar tawa ce. Da bazara kuma ba na dama fiye da abin da zai ƙare a yini.

Ɓawon lemon nan dai na ɗauka daga labarin Baba. Ina kankare koren bayan kawai, don farin cikin ɗaci ne zalla, in shanya a inuwa, in jefa ɗan kaɗan tare da citta. Shi ne yanzu ya fi tafiya a Samaru. Baba yana sayen roba biyu duk Juma'a, kuma kullum sai ya ce lemon ya ɗan yi yawa. Har yau ban rage ba.