Itace ne ke cin ribar bilbil

A Garwa ta Kamaru muna ce wa giyar dawa bilbil, 'yan Najeriya kuma burkutu. Goggona ce ta koya mini dafa ta, ita ma wurin uwarta ta gada a Mokolo. Mu Kirista ne, amma cikin Hausawa na girma, shi ya sa ba na buɗe rumfa ranar Juma'a, don girmama maƙwabta.

Aikin ya kusa cin mako. Za ki jiƙa jar dawa, ki shimfiɗa ta a ɗaki ki rufe da buhu, kina yayyafa ruwa har ta yi tsiro cikin kwana biyu zuwa uku. Ki shanya, ki kai niƙa. Sai dahuwa, kuma sau biyu ake yi, da kwanan tsami a tsakani.

A dahuwar nan na sha wuya. Shekarata ta farko, kan duwatsu uku nake ɗora rabin ganga. Wuta na ci ta kowane gefe, iska na kwashe zafin, idona na zubar da hawaye. In na sayar na ƙirga sefa, na biya mai dawa da mai itace, sai in ga abin da ya rage bai kai kuɗin cefane ba. Na ɗauka tsadar dawa ce. Goggo ta zo ta tsaya kan tokar da na tara, ta ce, “'Yata, daji guda kike ƙonawa.” Gaskiya ta faɗa. Masu kawo mana itace ta hanyar Ngong kullum kukansu sai sun ƙara nisa kafin su samu.

Muka kwaɓa laka da kashin shanu da ciyawa, muka gina murhu ya rungume gangar har ƙugu, da ƙofa ɗaya ta sa itace. Na farkon ya tsage, don na yi gaggawar hura wuta bai bushe ba. Na biyun yana nan har yau. Damin da a da ba ya kai ni ƙarshen dahuwa, yanzu har saura yake yi. Da rani ina haɗawa da karan auduga da na dawa.

Dusar da ke fita bayan tacewa, da zubarwa nake yi. Yanzu masu kiwon aladu ke saye tun da ɗuminta.

Abin da har yanzu ke damuna shi ne bilbil ba ta ajiyuwa. Giyar kwalba ta yi watanni, tawa kuwa in ta kwana biyu a zafin Afrilu ta zama tsami. Don haka na daina cika ganga, sai ranar Asabar da Lahadi. Dawa kuma ina sayenta da kaka in adana, domin a watan Agusta, farashinta ba ya barin mai ƙaramin jari ta hura wuta.