An kai wa Hajiya labarin wai na shiga coci

Wani ɗan garinmu ya hango ni ina sauka ɗakin ƙasa na wata coci a unguwar Bronx ta birnin New York bayan sallar Isha, kafin mako ya zagayo labari ya isa Kano wai na bar Musulunci. Sahu ɗaya muke tsayawa da shi ranar Juma'a, yana da lambata, amma bai tare ni ya ce me ya kai ka ba. Gida kawai ya buga wa waya. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Giya ce ta kai ni. A nan na koye ta, lokacin da nake wanke-wanke a wani gidan abinci ina tashi tsakar dare. Kantin bakin layi ba ya rufewa, ga sanyin Janairu, ga ɗaki babu kowa. A gida ko tari ka yi sai maƙwabci ya leƙo, a nan sai ka kwana uku ba wanda ya nemi inda kake. Da hannuna ya fara rawa da safe na je asibiti. Likita ta ce wanda ya daɗe yana sha da yawa kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, don jijjiga na iya kama shi har ta yi kisa. Ta ba ni magani, ta sa na sauke manhajar Meeting Guide, mai nuna wuri da lokacin zaman Alcoholics Anonymous mafi kusa da mutum, wato AA, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina giya.

Ban so zuwa ba, a cikin namu na fara nema. Na sami wani malami na ce abokina ne ke cikin matsala, ya ce ya tuba, ya yawaita istigfari da azumi. Gaskiya ya faɗa, ina kuma yi. Sai dai ƙarfe biyun dare, idan sha'awar ta taso, mutum nake bukata wanda zai ɗaga waya ba tare da na ji kunyarsa ba. Na ji labarin Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989, suka ɗora matakai goma sha biyu na daina shaye-shaye a kan Alƙur'ani da hadisi, amma zaman da na samu yana cin karo da lokacin aikina. Su kuwa 'yan AA, da Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a garin Akron a 1935, a New York kusan kowane lokaci akwai inda suke zaune. Hayar ɗaki suke yi a coci, ba ƙungiyar coci ba ce.

Kujerun ƙarfe ne da kofi. Kowa sunansa na farko kawai yake faɗa, a zagaya da kwando, mai dala ɗaya ya saka, marar ita ya miƙa gaba. Abin da ya fi ba ni mamaki, dattijo mai furfura ya faɗi abin kunyarsa a gaban yara sa'annin jikokinsa, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. Idan sun tashi addu'ar rufewa ni tawa nake karantawa, ba wanda ya taɓa harara ta. Wani tsohon direban bas, baƙar fatan Amurka, shi ya riƙe ni. Shi nake kira da tsakar dare, kuma yana ɗagawa. Yanzu idan baƙo ya shigo yana raɓe-raɓe ni ke nuna masa kujera, kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai. Amma babu mai jin Hausa a ɗakin, akwai abin da ke cikina da ba ya fita da Turanci.

Ni ɗan fari ne, Hajiya ba ta faɗin sunana. Ranar da ta kira murya na rawa ta ce, "Kai, don girman Allah, gaskiya ne?" Na ce, "Hajiya, wallahi ban bar sallah ba. Giya na sha, can nake zuwa neman rabuwa da ita." Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ta ce alhamdu lillahi, ta kama kuka. A ranar ta gaya mini Kawu, ƙanenta da aka ce mana ciwon hanta ne ya kashe shi, a Sabon Gari ya samo ciwon, kuma har ya rasu ba wanda ya zaunar da shi a kan maganar. Ta ce kada Baffa ya ji.

To ga shi bikin ƙanwata Bilki bayan Babbar Sallah ne, ni na ɗauki gado da kujeru, na riga na tura rabin kuɗin. Dangin angon sun ji zancen cocin, sun aiko suna tambaya a wajen Baffa. Hajiya ta hana ni kiransa, ta ce ita za ta san abin da za ta faɗa masa, kuma har yanzu ba ta je ba.