Kafin a kai ga kwalbar taki: abin da shukokin tankin kifi suka koya mini

Tun da na shiga aikin kula da tankunan kifi na gilashi, tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Wane taki zan zuba?" Mai tambayar ya ga ganye ya yi rawaya, ko ya ga gansakuka ta lulluɓe gilashi, sai hankalinsa ya tafi kan kwalba. Ni kuwa sai na mayar masa da tambayoyi kafin in ba shi amsa. Awa nawa fitila take kunne a rana? Mene ne sunan shukar? Waɗanne kifaye ne a ciki, kuma yaya ake ba su abinci? Wasu kan ɗauka kwana-kwana nake yi. Alhali a wannan aiki taki ne ke zuwa ƙarshe, kuma yawancin shukokin da na ga sun mutu a tankin ruwan daɗi ba yunwar taki ce ta kashe su ba.

Masana noma sun daɗe da sanin dalili. A 1828 wani Bajamushe, Carl Sprengel, ya bayyana cewa girman shuka yana tsayawa ne a kan abin da ya fi ƙaranci cikin buƙatunta, kome yawan sauran. Justus von Liebig ne ya yaɗa wannan ƙa'ida daga baya, har ake kiranta da sunansa. A cikin tanki kuwa, abin da ya fi ƙaranci sau da yawa shi ne iskar kabon, wato CO2. Kusan kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na busasshen jikin shuka kabon ne, ga shi iskar tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, ninki wajen 10,000 ƙasa da yadda take ratsa sarari. Tankin da ba a yi masa ƙarin iskar ba yakan samu miligiram biyu zuwa uku a lita, yayin da masu hura ta da tukunyar gas suke kai ta 20 zuwa 30. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma ita ce ke raba shukar da za ta rayu a tankinka da wadda ba za ta rayu ba.

Haske shi ne ke tsara saurin komai. Idan ka ƙara shi, shuka za ta nemi ƙarin kabon da ƙarin taki a lokaci guda, kamar dokin da aka zabura ba a ƙara masa harawa ba. In ba ta samu ba sai ta tsaya, ganyenta ya raunana, gansakuka ta hau kai, don ita buƙatarta kaɗan ce kuma ba ta jira. Maigidan da na koyi aiki a hannunsa, idan muka tarar da tanki ya yi kore shar, ba ya taɓa kwalba. Sai ya ce, "Yaro, rage fitila tukuna." Mu mayar da ita awa shida zuwa takwas, mu kawar da tankin daga inda rana take dukansa ta taga, kuma a tankuna da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Saboda haka zaɓen shuka ya fi zaɓen taki nauyi a wurina. Matakin farko ma shi ne tabbatar da cewa abin da ke hannunka shukar ruwa ce. Ana sayar da tsirran da ba na ruwa ba a nutse cikin tankuna saboda kyawunsu, irin su Dracaena, da Fittonia mai jijiyoyin ganye farare ko jajaye, da ciyawar nan ta Ophiopogon. Sukan yi makonni suna kyau, daga nan su ruɓe su ɓata ruwa, mai tanki ya yi ta zargin kansa. Wannan abu yana ɓata mini rai matuƙa, don ya sa mutane da yawa sun haƙura da shukoki masu rai gaba ɗaya. Shukar da ba ta da suna a jiki, ko wadda ganyenta ya yi kauri da zane-zane irin na furen ɗaki, ina barinta inda na gan ta har sai na bincika.

Ko shukar ruwan ta gaske, akwai abin da ya kamata a sani game da yadda aka raine ta. Gandunan da ke samar da su sukan shuka yawancinsu ne saiwa a ruwa, ganye a sarari, don sun fi saurin girma haka kuma ba sa kwasar gansakuka. Ganyen da ya tashi a sarari ba zai iya aiki sosai a ƙarƙashin ruwa ba. To idan aka nutsar da shi sai ya yi ta mutuwa, shukar ta fitar da sabo mai wata siffa, sau da yawa siriri kuma mai laushi. Wanda bai san haka ba zai ga tsoffin ganyaye suna zubewa a makonnin farko, ya ce rashin taki ne, ya zuba da yawa a lokacin da shukar ba ta ma fara ci ba. Dangin Cryptocoryne sun fi kowa wannan hali. Da an sauya musu ruwa ko wuri sai ganyensu ya narke ya zama kamar majina, wani lokaci duka. Muddin saiwar tana da ƙarfi ba ta yi laushi ba, a bar ta a inda take, za ta toho. Tumɓuke ta don a duba shi ne ke mayar da ita baya.

Ga tankin da ba shi da tukunyar gas, shukokin da nake komawa gare su ba su da yawa. Anubias, wadda asalinta daga koguna da rafukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, tana jure ƙarancin haske, ganyenta kuma yana da taurin da kifaye masu cin ganye ba su cika damunsa ba. Haka ma Microsorum pteropus na kudu maso gabashin Asiya, wanda aka fi sani da sunan tsibirin Jaba. Waɗannan biyu suna da kara mai kauri da ke kwanciya, daga jikinsa ganye da saiwa suke fitowa, kuma idan aka binne wannan kara a yashi ruɓewa yake yi. Ɗaure su ake yi da zare a jikin dutse ko itace har su kama da kansu. Sai Cryptocoryne wendtii ta Sirilanka, da Echinodorus na nahiyar Amurka mai faffaɗan ganye, wanda yake girma har ya cika ƙaramin tanki, da Vallisneria mai dogon ganye kamar igiya. Vallisneria tana da wata baiwa: tana iya cire kabon daga gishirin baikabonet da ke cikin ruwa mai nauyin ma'adinai, shi ya sa take bunƙasa a inda wasu ke kasawa.

Amma Anubias da ire-irenta suna da jinkirin girma, ganye ɗaya a makonni, don haka ba sa iya kare sabon tanki daga gansakuka. Na koyi cika sabon tanki tun ranar farko da masu saurin girma, kamar Hygrophila da Ceratophyllum, wanda ba shi da saiwa ko kaɗan, a ruwa yake shawagi. Su ne ke shanye abin da ya yi rara kafin masu jinkiri su kafu, daga baya a rage su. Abin da aka yanke kuwa a busar da shi a jefa a shara, kada ya shiga rafi ko magudana. Shukar ruwan nan Hydrilla da ta addabi tafkunan Fulorida a Amurka ta hanyar cinikin shukokin tanki ta shiga can a shekarun 1950.

Jajayen shukoki da masu shimfiɗuwa a ƙasa kamar darduma, irin su Hemianthus callitrichoides ta Kuba, su ne ke jan ido a hotunan tankunan salon Takashi Amano, shahararren mai ƙawata tankuna na Japan. Suna son haske mai ƙarfi da ƙarin CO2, kuma ba na ba wa mai farawa shawarar su.

Idan an zo kan taki kansa, abin da na fara lura da shi shi ne ta ina shukar take ci. Shukokin ruwa suna iya ɗaukar abinci ta ganye da ta saiwa, amma ba daidai ba. Echinodorus da Cryptocoryne masu saiwa mai yawa ne, kuma a tsakuwa ko yashi zalla sukan rame sai an tura musu ƙwayar taki a ƙarƙashin gindi, a sabunta bayan wata biyu ko uku. A tura ta can ƙasa sosai don kada ta narke cikin ruwa. Waɗanda aka ɗaure a dutse, da masu shawagi, ba su da hanyar kaiwa ga wannan ƙwaya, takin ruwa suke buƙata.

Na biyu, tanki mai kifi yana da takinsa tun kafin ka zuba komai. Abincin da kifi ya ci yana fita a matsayin amoniya da fosfet, ƙwayoyin halittar da ke cikin matata suna mayar da amoniyar naitiret, shuka kuma tana amfani da duka. A tanki mai kifi da yawa da matsakaicin haske, naitirojin da fosfaras, waɗanda shuka ke samu daga waɗannan, ba su cika yankewa ba. Abin da ke yankewa shi ne fotasiyam da sinadarin ƙarfe da sauran ƙananan sinadarai, don abincin kifi ba ya ba da isasshe. A irin wannan tanki, zuba cikakken taki ƙarin naitiret ne kawai a kan wanda ya riga ya taru. A tanki mai shukoki cunkus da kifi kaɗan kuwa lamarin yakan juya, a auna naitiret a tarar babu, shukoki sun tsaya cak.

Ganye yana nuna abin da ya rasa, in an san inda za a duba. Naitirojin, fosfaras, fotasiyam da maganiziyam sinadarai ne da shuka ke iya janyewa daga tsohon ganye ta kai wa sabo, don haka rashinsu a tsoffin ganyaye yake fara bayyana: rawaya gaba ɗaya idan naitirojin ne, ƙananan huji masu rawayan baki idan fotasiyam ne, rawaya tsakanin jijiyoyi idan maganiziyam ne. Ƙarfe da kalsiyam ba sa tashi daga inda suka zauna, sai rashinsu ya fito a sabon toho, ya fito fari-fari ko a murɗe. Wannan rabe-rabe ya fi kowane jadawalin hotunan alamun rashin taki amfani a wurina. Kuma ganyen da ya riga ya huje ba ya warkewa. Sabon da zai fito bayan mako biyu ko uku shi ne zai gaya maka ko gyaran ya yi, shi ya sa nake sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda in jira.

Batun ƙarfe yana da ɗan sarƙaƙiya da ta cancanci a tsaya a kai. Ƙarfe ba ya daɗewa a narke a ruwa mai iskar shaƙa, don haka ake haɗa shi da wani sinadari da zai riƙe shi. Wanda aka haɗa da EDTA yana fara sakin ƙarfen idan pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya wuce kusan 6.5, na DTPA yana riƙewa har wajen 7.5. Mai ruwan da ya kai 7.8 zai iya yin ta zuba na farkon, sabon ganye yana ta fitowa fari, ya rasa dalili. Karanta bayan kwalba ya fi ƙara yawan abin da ake zubawa. Sannan takin gona ko na furen tukunya ba na tankin kifi ba ne. Yawancinsa yana ɗauke da yuriya ko amoniyam, kuma amoniya guba ce ga kifi, gubar tana ƙaruwa idan pH da zafin ruwa suka hau. Masu kiwon jatan lande kuma su kula da yawan tagulla, don ba sa jure ta kamar kifi.

Akwai hanyoyin ciyar da shukokin tanki guda biyu da suka yi suna, kowace da sunan masanin da ya fito da ita, kuma na yi aiki da kowace. Ta Tom Barr ita ce a zuba taki fiye da buƙata don kada komai ya yanke, sannan a sauya rabin ruwa kowane mako don kada ya taru. An tsara ta ne don tanki mai haske mai ƙarfi da ƙarin CO2, a can kuma tana aiki ƙwarai. Ta Diana Walstad ita ce a shimfiɗa ƙasa a ƙarƙashin tsakuwa, a cika shukoki, a bar ƙasar da abincin kifi su ciyar da su, ruɓewar da ke faruwa a ƙasa ma tana ba da kabon. Inda na ga ana shan wahala shi ne a ɗauki ma'aunin takin hanya ta farko a zuba a tanki mai rauni irin na hanya ta biyu, kuma a yi sakaci da sauyin ruwa. A tankin da ba gas, nakan fara da kashi ɗaya cikin uku ko rabin abin da kwalba ta ce, sau ɗaya a mako bayan sauyin ruwa.

Idan na rasa gane ko taki ne matsalar ko kabon, masu shawagi a saman ruwa nake dubawa, kainuwa ko Salvinia. Ganyensu a sarari yake, suna shan CO2 daga iska yadda suke so, suna kuma kusa da fitila, don haka abin da kawai zai iya yanke musu shi ne takin da ke cikin ruwa. In sun koɗe, sun ƙanƙance, ruwan ne ba shi da abinci, sai in ƙara. In suna kore shar suna yaɗuwa alhali na ƙasa suna fama, taki ya isa, sai in koma kan fitila, da zagayawar ruwa, da ko shukar da ke ƙasan ta dace da tankin tun farko. Sai dai a riƙa kwashe su a kai a kai, don in suka rufe saman ruwa duka za su tare wa na ƙasa hasken.