Ciwon Daji a Baƙuwar Ƙasa: Yadda Ake Hawa da Shi Dandamali

Sabon zuwa ya fi shan wuya da shiru. Likita ya dube shi ido da ido ya ce ciwon daji ne, tafinta ya maimaita, shi kuwa ya koma gida ya ja bakinsa ya tsuke. Masu jin yarensa a garin ba su da yawa, ya san in ya faɗa wa ɗaya, kafin dare kowa ya ji.

Salon wasan kwaikwayon da ya fi buɗe bakin irin wannan mutum shi ne na Augusto Boal, mai shirya wasan kwaikwayo ɗan Brazil da ya yi gudun hijira bayan sojoji sun kama shi a 1971. A salonsa 'yan kallo ma 'yan wasa ne.

Mutum huɗu sun isa: majinyaciya, mijinta, likita, tafinta. A tsara fitowa ɗaya ta minti 10 zuwa 15, kuma dole ta ƙare ba daɗi. Misali, mijin ya sallami tafinta ya ce shi zai fassara, likita ya ce daji, mijin ya juyo ya ce mata, "Ƙari ne ɗan ƙarami, kada ki damu." Ta sa hannu a takardar da ba ta san me ke ciki ba. Sai a sake wasan daga farko. Duk wanda abin ya tsaya wa a rai ya ce "Tsaya!", ya hau ya karɓi matsayin matar, ya gwada tasa dabarar. Mai jan ragama tambaya kawai yake yi, ba ya yanke hukunci.

Inda ake tuntuɓe shi ne a sa majinyaci ya taka labarinsa da kansa. Sau da yawa kuka ke cin ƙarfinsa, kuma asirin da ake son rufawa ya tonu. A sauya shekaru da sana'a da gurbin ciwon, wani ya taka.

Ranar gwajin wasa ma a lura. Masu karɓar kemo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin ciwon daji, fararen ƙwayoyin jininsu sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, kada a cusa su cikin taro a lokacin. Mai mura ya zauna a gida. In zafin jikin mai karɓar kemo ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, a bar wasa a kira asibitinsa nan take.

Kuma a nemi nas mai kula da masu ciwon daji ta zauna a layin gaba, domin da wuya a tashi wani bai miƙe ya ce ya san mai maganin da ke warkarwa cikin mako guda ba.