Sha huɗu bisa ashirin

Talata, sati na uku da zuwana Katsina.

Sanyi ne ya tashe ni tun kafin kiran assalatu. An ɗauke wuta da daddare, salulata ta mutu, don haka da agogon masallaci na yi aiki. Na sha koko da ƙosai a bakin Ƙofar Ƙaura, na tare mai Napep. Har yanzu bakina kabu-kabu yake kira in na ga mai babur, su kuwa nan acaɓa suka sani.

Daga Maraɗi zuwa nan bai kai kilomita 100 ba, ta Ɗan Isa da Jibiya. Ranar da zan taho inna ta ce ai gida za ni, tunda sarkinmu ma Sarkin Katsina ake ce masa, kakanninmu daga nan suka fita bayan birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1807. Gaskiyarta, a kasuwa da masallaci ba na jin baƙunta. Ƙofar makaranta ce in na shiga nake tuna lalle na tsallake iyaka.

Faransanci aka ɗauko ni in koyar a ƙaramar sakandare, zango biyu. Yau na mayar wa 'yan aji biyu takardun gwajin da na yi musu. Wata yarinya da ke zama a benci na gaba, wadda ta fi kowa ƙoƙari, na rubuta mata 14. Ina juyawa wajen allo sai na ji shesshekar kuka. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta ce, "Malam, Baba zai ce wasa nake yi, ban taɓa cin ƙasa da 60 ba."

Sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi. Mu a lakwal, wato makarantar boko a Nijar, bisa 20 ake ba da maki. Wanda ya samu 10 ya haye, mai 14 kuwa har gida ake yi masa barka, don mushe, wato malamin lakwal, ba ya sakin 16 sai da dalili. Nan komai bisa 100 ne, ni kuma ban rubuta ashirin ɗin a ƙasa ba, saboda a kaina ba abin faɗa ba ne. Na karɓe takardun duka, na ninka kowane maki sau biyar. Nata ya koma 70. Ta goge ido da gefen hijabi tana dariya, wani daga baya ya ce, "Malam, ni ma a ninka mini sau goma." Biyu ya ci.

Su 68 ne a rajista, yau 61 suka zo, uku uku a benci. Wannan bai ba ni mamaki ba, ajin da na bari a gida ma haka yake. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na yi kusan minti ashirin ina fama da su a kan namiji da mace a Faransanci, wato inda ake sa le da inda ake sa la. Da guntun Turancina nake bayani, don haka aka umarce ni, su kuma sun zuba mini ido kamar ina karanta musu wasiƙar wani. Da na gaji na rufe littafi na ce, "Rana ta fito ko ya fito?" Suka ce ta fito. "Wata fa?" Ya fito. Na ce to Bafaranshe ma haka yake raba kayansa, sai dai shi ranarsa namiji ce, watansa mace. Ajin ya ɗauki dariya, wani ya ce ashe a juye suke. Kafin a kaɗa ƙararrawa sun jera mini kalmomi goma sha biyu ba kuskure. Turanci ba shi da wannan rabon, Hausa tana da shi, amma ta Turanci aka ce in bi da su. Ni ma haka aka yi mini ina CI, ajin farko na firamare, ranar farko mushe ya buɗe baki da Faransanci, na koma gida na ce wa inna malamin ba ya jin magana.

A ɗakin malamai na ba malamin lissafi labari. Dattijo ne, saura shekara biyu ya yi ritaya. Ya ce, "Mushe," haka suka laƙaba mini, "kowa Hausar yake yi in ya rufe ƙofa, kai dai kada ka yi ranar da masu duba makarantu suka zo." Ya tambaye ni ko da gaske ne a 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa a wajenmu. Na ce haka ne a takarda, amma yaro har yau da Faransanci yake rubuta BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare.

An tashi wajen ƙarfe biyu. Yaran da na sallama da azahar su na sake gani da la'asar cikin wasu kayan daban, sun rungumi Alƙur'ani za su Islamiyya. Malamin lissafi ya ɗauke ni a babur ɗinsa muka bi ta hasumiyar Gobarau, sannan tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu. Ginin ƙasa ne, yanzu gidan tarihi. Na daɗe ina leƙen ɗakunan, ƙanana ne ƙwarai, ajina na yau ba zai shiga ɗaya ba.

Da magariba na je sayen burodi, mai shago ya ce dubu ɗaya, na ce ashe jika guda. Wani tsoho da ke zaune a benci ya ce, "Ɗana, a nan jaka naira 200 ce, kada ka sa yaro ya yi asara." Burodin nasu laushi da zaƙi kamar cincin, na fara kewar dogon namu mai ɓawo.

Wuta ta dawo ƙarfe tara. Saura takardun 'yan aji uku, guda 54, kuma na riga na rubuta wa rabinsu maki bisa ashirin.