Neman Faifan Dischord a Washington

Kwana shida ke nan da dawowata Kano daga Amurka, kuma duk wanda ya zo yi mini barka da sauka ya tambayi tsaraba, sai in ɗauko masa faifan garmaho guda huɗu da na rungumo a jirgi don kada su karye, shi kuwa ya juya su gaba da baya ya ajiye ba tare da ya ce komai ba. Auren 'yar yayana ne ya kai ni Silver Spring a jihar Maryland, amma tun kafin a ba ni biza na ware kwana biyu don in ga inda kamfanin faifai na Dischord ya tashi.

Wani ɗan Maleshiya da muka zauna ɗaki ɗaya lokacin karatuna a Kuala Lumpur ne ya fara jiyar da ni kiɗan da ake kira hardcore punk. Da farko hayaniya kawai na ji, gita da ganga suna tsere, mawaƙin yana ihu kamar wanda aka yi wa fashi. Sai da ya fassara mini wata waƙar ƙungiyar Minor Threat mai suna Straight Edge, wadda ba ta kai minti ɗaya ba, sannan na gyara zama, domin samari ne 'yan birnin Washington suke shelar cewa ba su da buƙatar ƙwaya ko wani abin maye, a cikin harkar da kowa ya ɗauka ta 'yan maye ce.

Washegarin walima Yaya ya ajiye aikinsa ya ɗauke ni a mota zuwa Arlington, tsallaken kogin Potomac, yana ta yi mini tsiya a hanya. "Ƙanena, mutane suna zuwa ganin Fadar White House, kai ka zo ganin barandar wasu," in ji shi. Gaskiyarsa ne, baranda ce kawai. Ƙaramin gida ne a unguwar da ba ta da wani abin kallo, wanda Ian MacKaye da Jeff Nelson, 'yan Minor Threat da suka kafa Dischord, da abokansu suka tare a cikinsa a 1981, kuma a wannan baranda aka ɗauki hoton da ke kwalin Salad Days na 1985, faifan Minor Threat na ƙarshe. Daga tsallaken titi na tsaya, don tarbiyyarmu ba ta yarda mutum ya hau dandamalin gidan da bai yi sallama ba, ko da yake an ce baƙi daga ƙasashe da dama suna hawa su ɗauki hoto.

Abin da ya riƙe ni a wajen shi ne ƙanƙantar mafarin. A 1980 Teen Idles, ƙungiyar da MacKaye da Nelson suke ciki kafin Minor Threat, ta watse da dala 600 a asusunta, sai suka zuba kuɗin suka buga faifai dubu ɗaya na Minor Disturbance, suka zauna da almakashi da gam suna yanka kwalaye suna liƙawa da hannunsu. Wannan ne Dischord lamba 1, mai hoton hannaye biyu da aka zana wa alamar X, irin wadda masu gidajen rawa ke yi wa yaran da shekarunsu ba su kai na shan giya ba. Na tuna 'yan kaset na Ƙofar Wambai da yadda ake cusa takarda a kwanso ɗaya bayan ɗaya, sai dai su Dischord sun tsaya a kan makaɗan yankinsu kaɗai, ba sa sa hannu a takardar yarjejeniya da kowa, magana ce ta baki da raba riba, kuma a haka suka haura shekara arba'in. A kasuwarmu sau nawa muka ji mawaƙi da ɗan kasuwa sun rabu baram-baram a kan kaset guda?

Da yamma muka shiga wani shagon faifai a unguwar Adams Morgan, kuma a nan na ga abin da ya ɗaure mini kai. A jikin bango, cikin leda, an rataye tsohon bugu na Out of Step, faifan Minor Threat na 1983, mai zanen baƙar tunkiya tana tsallakewa daga cikin farare, wanda Cynthia Connolly ta zana. A kwalin kamfanin ya buga farashinsa, dala uku da rabi, don kada masu shago su tsawwala wa yara, amma ga wata 'yar takarda a gefe an rubuta dala 300. Na taya dala 100 kamar yadda kowane Bakano zai yi. Mai shagon bai ce albarka ba, bai ce ƙara ba, ya dai dube ni ta saman tabarau ya ci gaba da latsa wayarsa. A Kantin Kwari ko tayin banza ka yi sai an ba ka kujera an tambayi mutanen gida. Yaya ya ja hannuna ya ce a nan ba a tayi, in rufa masa asiri.

Yaron shagon ne ya wanke maigidansa, domin shi ya kai ni akwatin sababbin bugu, inda faifan nan dai yake a kan kuɗin da bai kai na abincin rana na mutum biyu ba, tunda kamfanin bai daina buga tsofaffin ayyukansa ba. Na ɗauki Out of Step. Na ɗauki faifan haɗaka na 1982 wanda ƙungiyar Faith suke gefe ɗaya, ƙungiyar Void suke ɗaya gefen, kuma ni gefen Void nake so, saboda gitar Bubba Dupree tana tafiya kamar motar da birki ya tsinke mata amma ba ta faɗa rami ba. Na uku shi ne na ƙungiyar Rites of Spring na 1985, wanda a ganina ya fi duk abin da kamfanin ya fitar, domin a nan ne fushin ya koma ciki, muryar Guy Picciotto tana tsagewa kamar mai kuka, har wanda ba ya jin Turanci zai gane abin da ke damunsa.

A kan na huɗu muka yi musu da yaron. Shi yana ganin Flex Your Head, tarin waƙoƙin ƙungiyoyi da dama na 1982, ya fi cancanta, kuma wai Fugazi, ƙungiyar da MacKaye ya kafa daga baya wadda nake son faifanta, sun riga sun bar hardcore. Ni kuwa na ce ƙungiyar da ta cika manyan zauruka amma ta nace kuɗin shiga ya tsaya a dala 5, yara da manya kowa ya shiga, ba ta bar komai ba, saurin kiɗan kawai ta rage. Na ɗauki faifansu Repeater na 1990. Da na zo biya sai na tarar Yaya ya riga ya miƙa katinsa, ya ce tukwicin zuwa biki ne, kada in ƙara magana.

Rana ta biyu ba ta yi auki ba. Na leƙa ɗakin karatu na Martin Luther King, inda aka adana takardun talla da mujallun 'yan punk na birnin, na wuce ta gaban gidan kiɗa na 9:30 Club da rana tsaka ƙofa a rufe, sannan muka je filin Fort Reno inda Fugazi suka sha yin wasa kyauta, muka tarar da ciyawa da masu yawo da karnuka, don sai lokacin zafi ake kiɗa a wurin. Muka ci injera a gidan abincin Habashawa, da daddare na kama hanyar gida.

Har yanzu ban saurari ko ɗaya daga cikin faifan ba. Garmahon marigayi Baba da na zaro daga ƙarƙashin gado ba shi da allura, kuma mai gyaran rediyon unguwarmu ya ce in dawo ranar Alhamis, zai tambaya a Sabon Gari.