Godiya bayan dawowar Mama daga Alkahira

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi mun dawo daga Alkahira inda muka kai Mama neman maganin ciwon zuciya, yanzu tana gida Jos, har tana cin abinci da hannunta. Kun bi komai tun farko, ba sai na maimaita ba. Ni kaina gajiya ba ta sake ni ba, wanda bai ga amsar saƙonsa ba ya yi mini uzuri.

Lokacin shirin tafiya kowa kuɗi yake lissafawa, ni awowi nake ƙirgawa. Jos zuwa Abuja tafiyar kusan kilomita 300 ce, amma da mai ciwon zuciya a mota dole a gangara Hawan Kibo a hankali, a wuce Akwanga da Keffi, a faɗa cunkoson Mararaba da Nyanya, sannan a bi ta Lugbe zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Hanyar nan ta fi jirgin cin lokaci, alhali shi sama da kilomita 3,400 yake yi zuwa Alkahira cikin kamar awa 5. Akwai tikiti mai sauƙi ta Addis Ababa, amma ga sauka, ga jira, ga wani tashin na kusan awa 4. Likita ya ce kada mu soma. Ya ce iskar cikin jirgi kamar ta saman dutse mai mita 2,000 ce, mu da muke taƙama da tudun Jos a wajen mita 1,200 muke.

Maganarsa ce ta faɗo mini da numfashin Mama ya fara sarƙewa a tsakiyar tafiya. Na duba allon da ke gabana, saura fiye da awa 2, ƙarƙashinmu hamada. Wallahi addu'ar da zan yi ma ta ɓace mini. Sai ga wata baiwar Allah daga kujerar baya, ashe ma'aikaciyar jinya ce. Ta durƙusa a tsakanin kujeru, ta sa ma'aikatan jirgin suka kawo tukunyar iskar numfashi, ta riƙe hannun Mama tana cewa, "Mama, ni za ki kalla, ja a hankali." Ni kuma ta juyo ta ce, "Ƙanwata, bar kallon allon nan, ba zai rage miki ko minti ɗaya ba. Murza mata ƙafa." Ba ta koma mazauninta ba sai da aka ce a ɗaura bel za a sauka. Umra za ta, a nan filin jirgi muka rabu. Allah ya karɓi ibadarki, ya raya miki zuri'a, ya tsaya miki ranar da ba mai tsaya wa wani.

Kawu na Rikkos ya ce kada in ambace shi, to Kawu ka yi haƙuri, filinka ka sayar. Allah ya musanya maka da gida a Aljanna. Gwaggo ta Lugbe da ta bar mana ɗakinta, direbanmu da ya ƙi karɓar ko sisi, matan Islamiyyar unguwarmu da suka yi ta saukar Alƙur'ani, Allah ya saka, ya rufa asiri duniya da lahira, ya ba marasa lafiyarku lafiya.

'Yan uwanmu na cikin Abuja kuwa, da tsakaninsu da filin jirgi bai kai awa ɗaya ba, mun wuce sau biyu ba mu ga kowa ba. Mama ta tambaye ku, na ce ƙila aiki ne ya yi yawa.

Masu son zuwa dubiya, don Allah sai bayan La'asar, da safe tana shan magani ta kwanta.